Preben Na Neman Kuskure

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe abin ya fara, a teburin shan gahawa na gonar tumatir ɗin Gunvor, inda nake kula da ban ruwa da taki. Bodil ce ta kawo kek ranar. A wurinmu, duk wanda ya tafka shirme a bakin aiki, washegari zai biya gidan burodin Yrsa ya sayo kek, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya tsaya ya faɗi abin da ya yi da yadda aka yi ya yi shi. Sai a yi masa dariya, a yi masa tambayoyi, a cinye. Ba wanda ya rubuta wannan doka, haka muka tarar. Kusan duk abin da na sani game da rumfunan gilashin da muke noman tumatir a ciki, da baki cike da kek na koye shi.

Bodil ta gama bayaninta tana lashe sukari a yatsa. Ta datse kan tsiro ne a layin da bai isa datsewa ba, don ta fara ƙirga layuka daga ƙofar baya maimakon ta gaba. Dattijo Ejnar, shugaban ma'aikata, ya ce a ɗaura jan ƙyalle a layin farko, kowa ya san inda zai fara. Aka amince. Sai Gunvor ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofinta.

"Ejnar zai ajiye aiki ƙarshen wata," in ji ta. "Gwiwoyinsa sun ƙi. Ranar Asabar da za mu buɗe ƙofa ga baƙi zan faɗi wanda zai gaje shi. Mutumin da ake koyon abu daga gare shi nake so."

Preben ya gyara zama. Mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, ya daɗe a gonar yana ɗaure tsiro da tuƙa motar kai kaya. Tun da ya ji Ejnar ya fara ɗingishi ya gaya wa matarsa, da abokansa na ƙwallon hannu, da mai yi masa aski, cewa kujerar tasa ce. Har ya sayi sabuwar riga mai aljihuna da yawa ya rataye a gida, tana jiran ranar.

"To ai magana ta ƙare," ya ce. "Ku dubi teburin nan. Wa bai taɓa kawo kek ba? Tun da na zo gonar nan ko guntun biskit ba a taɓa bi na ba."

"Gaskiya ne," in ji Bodil. "Ci kawai kake yi."

"Abin da nake tunani ke nan," Gunvor ta ce a hankali. "Bodil ta koya mana abubuwa da yawa. Ejnar ma da ƙuruciyarsa Yrsa ta fi matarsa ganin sa. Kai kuwa, Preben, na rasa abu ɗaya da muka koya a wurinka."

"Saboda ba na kuskure."

"Ranar da aka bar injin ɗumama a kashe fa?"

"Wutar lantarki ce."

"Ranar da aka zuba gishirin narkar da ƙanƙara a madadin taki?"

"Jamusawan da suka yi buhunan ne suka yi su kala ɗaya. Ai su ya kamata su aiko da kek."

Ejnar ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Muna nan muna jiran su."

Bayan an tashi, ina ɗakin injinan ruwa ina duba ma'aunin taki, sai ga Preben ya shigo ya rufe ƙofa.

"Solvej, ke mai ilimi ce, za ki fahimce ni. Kin ji abin da matar nan take so? Kuskure take so. To idan kuskure ake so, wa ya kai ni? Nasu Bodil na jahilci ne, faɗo musu yake yi. Ni nawa tsara shi zan yi. Kuskure mai inganci, mai darasi a ciki. Kafin Asabar sai na kafa al'adar koyo a gonar nan, irin wadda za a zo daga birnin Odense a gani."

"Preben," na ce, "ba a shirya kuskure. In ka shirya shi ya zama ɓarna."

"Shi ya sa ba ku ci gaba. Kuna zaune kuna jiran kuskure ya zo muku kamar ruwan sama."

Ranar Talata ya iso da faffaɗan kek mai narkakken jan sukari a kai, ya dire shi a tebur, ya tsaya ya haɗa hannuwa a baya.

"'Yan uwa, jiya na yi kuskure."

Bodil ta ajiye wuƙa.

"Kuskurena shi ne, na cika ƙwazo. Ina aiki har in manta da kaina. Darasin da za ku ɗauka a nan shi ne..."

"Me ya lalace?" Ejnar ya tambaya.

"Babu."

"Wa ya sha wahala?"

"Ni. A zuciya."

"To wannan ba kek ɗin kuskure ba ne, yaro. Kek ne kawai."

"Ashe ba za a ci ba ke nan," Preben ya ce, yana miƙa hannu zai ɗauke.

"Wa ya ce?" in ji Bodil. Ta riga ta yanka.

Muka cinye tas, ya tafi da farantin wofi.

Daga nan ya gane sai da ɓarnar da ido zai gani. Ranar Laraba ya riga kowa zuwa, ya shiga rumfa ta uku ta ƙofar baya, ya zaɓi layin ƙarshe ya rufe masa famfon ruwa. Nufinsa ganyen su ɗan yi yaushi zuwa rana, ya yi kamar ya gano, ya buɗe, washegari ya kawo kek da jawabi. Da na zo na duba na'ura na ga layin ba ya shan ruwa, sai na je na gani da idona. Ashe bututun layin ya tsage tun jiya. Da ruwan safe ya taso famfon yana buɗe, da rabin rumfar ya zama tafki.

Gunvor ta zo teburin gahawa fuskarta a sake. "Wa ya rufe famfon layin ƙarshe?"

Preben ya miƙe yana sunkuyar da kai irin na mai nadama. "Ni ne. Ba zan ɓoye ba. Gobe zan kawo..."

"Ka kyauta ƙwarai. Ka cece mu. Yaya aka yi ka lura da tsagewar?"

"Wace tsagewa?"

"Ta bututun."

Ya tsaya baki buɗe. Yabo ne ake yi masa, bai iya ƙin yabo ba, amma kuma ba shi ya zo nema ba.

"A'a, ki fahimta, kuskure ne."

"To Allah ya ƙaro irinsa," in ji Gunvor.

Bodil ta matso kusa da kunnena, amma ta yi magana da muryar da kowa zai ji. "Ko kuskuren ma bai iya ba."

Ba mu gama dariya ba sai muka ji ana buga ƙofa da takalmin roba. Maƙwabcinmu Viggo ne, mai kiwon awaki yana yin cuku, riƙe da igiyar wata farar akuya, bakinta kore shar.

"Wane mai hankali ne ya bar ƙofar baya a buɗe?"

Muka bi shi. Awakinsa sun shiga ɗakin dashe. Ƙananan tumatir ɗin da muka raina a tukwane don mu raba wa yaran baƙi ranar Asabar, ba abin da ya rage sai kara a tsaye. Wani bunsuru yana kan tebur yana tauna jan ƙyallen Ejnar.

"Ganyen tumatir ba ya yi musu," in ji Viggo. "Wannan tun ɗazu take zawo. Wa zai sha nonon akuya mai zawo?"

Gunvor ta juya. "Preben, kai ka fara shigowa yau. Ta wace ƙofa?"

"Ta baya. Amma iska ce ta buɗe ta."

"Ƙofar da ake turawa gefe?" Ejnar ya ce. "Iskar bana ta yi hannu."

Na ja Preben gefe. "Ga kuskure ka samu a ɓagas. Ka ce kai ne, ka sayo kek, a ce a riƙa duba ƙofa. Shi ke nan fa."

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce da ƙarfi. "Ban tsara shi ba. Ni in tsaya gaban mutane in ce awaki sun fi ni wayo? Nawa yana nan zuwa."

Ranar Alhamis nasa ya zo. Akwai wani gidan abinci a Odense da muke kai wa tumatir masu tauri, na yankawa a faranti. Preben ya loda musu kwalayen waɗanda suka nuna lugub, waɗanda muke warewa don ma'aikata su kai gida. Ya dawo yana fito, ya zauna kusa da waya yana jiran kukun gidan abincin ya kira ya zazzaga masifa. Har ya shirya abin da zai ce.

Wayar ta yi ƙara muna shan gahawar yamma. Gunvor ta ɗauka, ta saurara, ta ce, "To. To. Zan gaya masa."

Preben ya miƙe ya haɗa hannuwa a baya.

"Kukun ne," in ji Gunvor. "Ya ce tun bara yake neman irin waɗannan don miya, ba wanda ya taɓa kawo masa. Yana so a riƙa kai masa duk mako. Ya ce a gaishe da direba."

"Mutumin nan bai san aikinsa ba," in ji Preben. "Ruɓaɓɓu ne fa."

"Sannu, gwani," in ji Bodil. "Kai da kuskure kamar ruwa da mai."

A fusace ya fita zai gyara wa motar tsayuwa. Muka ji injin ya tashi, muka ji ya yi baya da ƙarfi, sai kuma ƙarar gilashi, irin ƙarar da duk mai aiki a rumfa ya sani har cikin haƙoransa. Muka fito. Bayan motar yana cikin rumfa ta ɗaya, tsiron tumatir sun kwanta a kan rufinta. Preben ya sauke gilashin taga.

"Rana ce ta haske min ido."

Dukanmu muka ɗaga kai. Tun safe hadari ya rufe sama, har an fara yayyafi.

"Ta leƙo," ya ce. "Ta koma."

Da mu da Ejnar muka rufe wurin da leda kafin mai gilashi ya zo. Preben yana tsaye yana nuna mana yadda ake riƙe leda. Washegari teburin gahawa ba kek. Bodil ta zauna tana kallon wurin da ya kamata a ce yana ajiye, tana ajiyar zuciya kamar mai takaba.

Ranar Juma'a da hantsi Preben ya sake samu na a ɗakin injina. Idanunsa sun faɗa, amma muryar tana nan.

"Na gano matsalar. Ƙananan kurakurai ba su dace da ni ba, kuma ba 'yan kallo. Gobe shugaban ƙungiyar manoman rumfa zai zo, da mutanen gari, da matata. Ina cikin zagayawa da su sai in danna maɓallin feshin sama kamar bisa kuskure. Ɗan raɓa ya sauko musu. Sai in kashe nan take, in ce, 'Jama'a, kun ga kuskure. A gonar nan ba ma ɓoye shi.' Ana cikin tafi sai kek ya shigo. Na riga na yi magana da Yrsa. Kek mai siffar mutum, tsawon tebur, da gashin baki irin nawa."

"Ka yi odar kek ɗin kuskuren da ba ka yi ba tukuna?"

"Shi ake kira tsari. Wane maɓalli ne?"

"Ba zan nuna maka ba. Amma tunda za ka shiga rumfa ta biyu da mutane, bari in gaya maka abu ɗaya. Tsohon hannun famfon nan na ƙarfe da ke jikin ginshiƙi, in ya buɗe, kada ka..."

"Solvej, na girme ki a gonar nan. Na sani."

"Me ka sani?"

"Duk abin da za ki faɗa."

Ya fita. Na kulle na'urar feshi da lambar sirri, na je na gaya wa Gunvor komai. Tana jera kofuna don baƙi, ba ta ko ɗago ba.

"Kin kulle?"

"Na kulle."

"To bar shi ya danna ya gaji. Ina so in ga abin da zai ce bayan nan."

Asabar gari ya waye tas. An kafa tutoci a bakin hanya, an jera tebura a tsakiyar rumfa ta biyu, da gahawa da burodi da tumatir kala-kala a faranti. Mutane suka cika wurin, da yara, da kekunan jarirai. Shugaban ƙungiyar manoma ya zo da farar riga, matar Preben ta zo da sabon gyaran gashi, har Viggo ya zo, ba tare da awaki ba. Preben ya sa rigarsa mai aljihuna, kowane aljihu da abu a ciki, yana tafiya yana ƙara kamar akwatin makaniki. Ba wanda ya naɗa shi, amma shi ya shige gaba.

"Jama'a, ku matso. Abin da za ku gani a nan ba tumatir ba ne kawai. Al'adar koyo ce, kuma ba don yabon kai ba, ni na gina ta. A nan kowa malamin kowa ne. Ni dai na fi zama malamin."

Yana magana yana matsawa wajen allon na'ura da ke jikin ginshiƙi. Ya jingina, ya kai hannu baya, ya danna. Ba abin da ya faru. Ya ci gaba da magana, ya sake dannawa. Ya juya ya danna da yatsa biyu. Allon ya nemi lambar sirri. Ya waigo ya harare ni, ni kuwa ina zuba wa wata tsohuwa gahawa.

"Lafiya?" shugaban ƙungiya ya tambaya.

"Lafiya lau. Ina gwada tsaro ne."

Daidai nan ƙofar rumfa ta buɗe, Yrsa ta shigo da baya, ita da mijinta suna ɗauke da katako mai tsawon ƙyaure. A kai ga mutum na kek kwance, da maɓallan alewa da gashin baki na cakulan. Yrsa ba ta ji sosai, don haka ba ta san ƙarfin muryarta ba.

"Preben! An yi kuskuren ne, ko in koma mota in jira?"

Kowa ya juyo.

"Wane kuskure?" in ji shugaban ƙungiya.

"Wanda zai yi mana," in ji Yrsa, tana dire katakon a kan tebur. "Ya ce in shigo in na ji tafi. To na jira ban ji ba, ga rana tana narkar min da gashin baki."

Wani ya fara dariya a baya. Matar Preben ta dube shi.

"Preben, me matar nan take cewa?"

"Ban san ta ba. Wato na san ta, amma ban san zancen ba. Ni ban shirya komai ba. Ku tambayi kowa, ni mutum ne da ba ya..."

Yana faɗa yana ja da baya, hannuwa a sama. Babban aljihun bayan rigar ya maƙale a tsohon hannun famfon ƙarfen. Ya fizga don ya kuɓuta, hannun famfon ya biyo shi ƙasa.

Wannan famfon tun zamanin mahaifin Gunvor yake, ba ruwansa da na'ura. Da shi ake wanke rumfa bayan an cire tsiro. Yana buɗewa injin bayan ƙofa ke tashi da kansa, ya janyo ruwa daga tafkin da muke tara ruwan sama, mai sanyi, mai gansakuka. Bututun sama suka yi tari sau biyu, sannan suka saki. Ba raɓa ba ce. Koren ruwa ne ya sauko kan kowa da komai, kan farar riga, kan sabon gyaran gashi, cikin kofunan gahawa. Iyaye suka suri yara, yaran suna ihun murna.

"Kada kowa ya damu," Preben ya yi kira, ya kama hannun famfon da hannu biyu.

Mu ma'aikata, duk inda muke a cikin taron, baki ɗaya muka ce, "Kashe injin tukuna!" Kusan kowannenmu ya taɓa cin kek a kan wannan famfon. In ka mayar da hannun injin yana aiki, ruwan ba shi da wurin zuwa.

"Na sani," in ji Preben, ya banka shi sama da duk ƙarfinsa.

Ruwan sama ya tsaya. Ya juyo yana murmushi, ya buɗe baki zai fara jawabi. Sai mahaɗin bututun da ke ƙasan ginshiƙi ya yi tsalle. Ruwa ya fito a kwance, kaurin cinya, ya bi tsawon teburin ya share faranti da kofuna, ya sami mutumin kek a wuya. Kan ya tashi ya sauka a ƙirjin shugaban ƙungiya, da gashin bakinsa da komai.

"Injin, Preben. Bayan ƙofa," Ejnar ya ce, yana ɗingishi cikin ruwa.

Preben ya ruga, amma ƙofar gaba ya nufa, injin kuwa yana ta baya. Ya danna abin da ya tarar a can, fitilun rumfar duka suka kama da rana tsaka. Ya juyo a guje, ƙafarsa ta zame a kan tumatir, ya tafi da gindi har sai da ya daki akwatunan ƙudan zuman da ke yi mana barbarar furanni. Akwatunan suka kife. Manyan ƙudajen nan masu gashi ba su da faɗa, amma ba wanda ya tsaya jin wannan bayani. Mutane suka yi ƙofa, ƙudan suka yi wajen sukari, wato wajen shugaban ƙungiya.

Bodil ta ajiye butar gahawa, ta bi ta gefen layi ba tare da gudu ba, ta zagaya bayan ƙofa ta kashe injin. Ruwan ya yi ƙasa, ya tsaya.

Muka taru a waje kan ciyawa, kowa na ɗiga. Yrsa tana raba tawul ɗin goge faranti. Viggo, wanda ya tsaya kusa da ƙofa bai jiƙe ba, ya ce awakinsa ma ba su yi haka ba. Matar Preben tana matse gashinta. Shugaban ƙungiya yana goge cakulan a riga, ya ce wa Gunvor, "Kullum haka kuke koyon?"

"A'a," in ji ta. "Yau ta musamman ce."

Aka fito da Preben, aljihunansa suna tsiyayar ruwa. Gunvor ta tsaya gabansa, mutane suka kewaye su. Ba ta ɗaga murya ba.

"Preben, duk mako kana neman kuskure. To ga shi, na gaske, kowa ya gani. Kek ma ga shi can, abin da ya saura. Ban faɗi sunan kowa ba tukuna. Ka gaya mana abin da ya faru da yadda aka yi ya faru."

Ina kusa da shi. Na ce ƙasa-ƙasa, "Ka ce, 'Ni ne.' Kalma biyu."

Ya dubi matarsa, ya dubi abokansa na ƙwallon hannu da ke tsaye a jere suna jira, ya dubi rigarsa. Ya gyara murya, ya haɗa hannuwa a baya.

"Jama'a, darasin da za mu ɗauka a nan babba ne. Masu ɗinka rigunan aiki ba sa tunanin inda suke sa aljihu. Ranar Litinin zan rubuta wa kamfanin."

Ejnar ya zauna a kan wani kwando da aka kife, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

"Mun gode, Preben," in ji Gunvor. Ta juya ga taron. "Bodil ce za ta gaji Ejnar. Akwai sauran gahawa a ofis, ga wanda bai ƙoshi da ruwa ba."

Ƙarshen wata Bodil ta karɓi makullan rumfuna daga hannun Ejnar. An mayar da Preben ɗakin haɗa kwalaye.